Mai Riƙe wa Kofur Sanda

Zuwa ga 'yata abar ƙaunata, Auta,

Bayan sallama da gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikata, 'yar ƙawata mai bakin aku. Ya aikin asibiti, ya fama da marasa lafiya? Allah ya taimaka. Na zaɓi takarda a kan waya saboda kin san babanki. In na ce ya sha magani kurma ne, amma in na ɗauki waya na rage murya, har numfashina yana ji.

Amsar kwamitin likitocin soja ta iso shekaranjiya. Sun sake ƙin mu, Auta, karo na biyu ke nan.

Ke ma'aikaciyar jinya ce, amma rabonki da ƙafar nan wata takwas, kuma ba yadda kika bar ta take ba. Gutsattsarin ƙarfen da suka shige masa ƙwauri a fagen daga, shekara goma sha tara da suka wuce, sun motsa. Tsohon tabon ya buɗe ta saman idon sawu, kullum sau biyu nake sauya bandeji, ko banɗaki ba ya zuwa sai da sanda. Likitan unguwa ya ce in ba a ciro su ba kafin ciwon ya kama ƙashi, to ƙafar ce za a cire. Aikin kuma na asibitin soja ne, su ke da kayansa da masu yinsa. Su kuwa ba sa karɓar tsohon soja sai da katin waɗanda suka nakasa a bakin aiki, katin kuma sai kwamiti ya sa hannu.

To ji abin da suka rubuta. Wai mai neman ya shigo da ƙafarsa, ba sanda, ba ɗingishi. Wai ya tsaya daram ba tare da ya dafa komai ba. Wai an tambaye shi ya ce ba ya jin ciwo, an ce a duba ƙafar ya ce ba buƙata. Auta, wane mutum ne wannan? Ni dai ba shi nake aure ba. Wanda nake aure sai ya huta sau biyu tsakanin ɗaki da akurkin tantabarunsa.

Na karanta masa. Ya ninke takardar gida huɗu, ya sa a aljihu, ya ce hukuma ta fi mu sani, ya ja sandarsa ya tafi wajen tantabaru. Raina ya ɓaci har na ɗinke hannun rigar wata mata a baibai, sai da na farke.

Akwai lauje cikin naɗi, kuma sai na gano shi. Ko dai an haɗa fayil ɗinsa da na wani ƙato mai lafiya, ko kuma wani na yi mana zagon ƙasa. Ba na so in ɗauki alhakin kowa, amma duka zaman nan biyu Saje ne ya raka shi. Kin san Saje, amininsa tun suna kurata, wanda yake ɗora ki a wuya kina yarinya, shi ne kuma sakataren ƙungiyar tsofaffin sojoji yanzu. Shi da ya rasa yatsu biyu kawai, zama ɗaya aka ba shi katinsa. Jiya ya zo, na nuna masa takardar ina kallon fuskarsa. Ko mamaki bai yi ba. Ya sunkuyar da kai ya ce sai haƙuri, ya tafi ya bar shayinsa bai sha ba, mutumin da ke shan kofi uku ya nemi ƙari.

Saura mana dama ɗaya, ɗaukaka ƙara na ƙarshe, nan da mako shida. In wannan ya faɗi an rufe fayil har abada. Ina jin tsoro, Auta, ke kaɗai nake faɗa wa.

Ki gaida maigidanki, ki sumbatar min ƙawata.

Taki har kullum,
Innarki


'Yata Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Wasiƙarki ta same ni, na ji daɗin jin zazzaɓin ƙawata ya sauka. Kin ce kada in yi gaggawar zargi. Na ji, amma bari in ba ki labari ki yi hukunci da kanki.

Ranar Talata na rufe keken ɗinki, na ce wa babanki zan je sayen zare, na wuce ofishin tsofaffin sojoji. Bene ne mai hawa biyu, ƙasa wani dogon zaure da benci jere, maƙil da tsofaffi kowa rungume da ambulan. Tagogi uku ne, biyu a rufe, na ukun akwai wani akawu yana sakace. Sau uku yana cewa in dawo gobe, sau uku ina gyara tsayuwa. Da ya ga ba ni da niyyar motsawa, ya tura ni wajen jami'ar walwala, wata mata mai gilashi da tebur cike da takardu har ba a ganin katakonsa.

Allah ya yi mata albarka, ta sa an ɗauko fayil ɗin ta buɗe a gabana. Hoton babanki ne, lambarsa ce, na san ta kamar sunana. Ba a haɗa shi da na kowa ba. Likitoci uku suka sa hannu, kuma na zaman farko daban, na biyu daban. Ta ce mutum arba'in suke gani a rana, in mutum ya shigo garau ya ce lafiyarsa lau ba su da lokacin yin gardama da shi. Na ce mijina bai shigo garau ba. Ta dube ni ta saman gilashi, ta ce ko na taɓa shiga tare da shi? Na ce a'a, Saje ke raka shi. Ta rufe fayil ɗin ta tura shi gefe.

Ina fitowa, wani tsoho mai ido ɗaya a kan benci ya ce ko ni ce matar Kofur mai tantabaru? Na ce ni ce. Hira ta kai mu har ya ce ai ya gan su ranar zaman, shi Kofur ya hau bene, Saje kuma yana tsaye a bakin ƙofar waje riƙe da sanda, ya fi awa guda yana juya ta a hannu. Na ce wace irin sanda? Ya ce baƙa, mai roba a gindi. Auta, ni na sa robar nan da hannuna.

Ban tsaya nan ba. A hanyar gida na biya kantin magani na bakin titi, na ja mai kantin da hira. Ya ce Saje ya sayi maganin kashe zafi mai ƙarfin nan sau biyu, irin wanda kika hana mu ba shi saboda ƙodarsa. Na tambayi ranakun, ya yi ɗan tunani ya faɗa. Duka biyun jajibirin zaman kwamiti ne.

To me ya rage? Mutum ya ɗirka wa abokinsa magani har ƙafa ta mutu, ya karɓe masa sanda a ƙofa, ya tura shi gaban likitoci. Abin da ban gane ba shi ne ribarsa. Wasu a zauren suna cewa katunan ƙidayayyu ne a shekara, kuma 'yan ƙungiya suna da nasu mutanen. Ban sani ba. Na dai san shekara talatin yana cin abincin hannuna.

Shi kuwa babanki, na gwada bugun cikinsa, na ce wa ke riƙe masa sanda in ya shiga? Ya ce tantabarar nan mai wuyan toka ta yi ƙwai. Kin ji amsa.

Ki yi mana addu'a. Ki gaida mutanen gidan.

Innarki


Auta, 'yar albarka,

Ina gaishe ki, ina fatan kuna ƙalau. Mu dai ga mu nan, gidan ba daɗi.

Na yi abin da kika ce kada in yi. Na sami Saje a shagonsa na faci, a gaban masu jiran taya, na zazzage masa duk abin da ke cikina. Na kira shi maci amana. Na ce yatsu biyu ya bari a daji amma imaninsa duka ya bari. Na ce in aka yanke ƙafar nan, shi ya riƙe wuƙar. Ina jira ya yi musu in ƙara, sai ya ajiye abin da ke hannunsa, ya cire hula, ya ce, “Maman Auta, akwai alkawari a wuyana. Ranar zama ki raka shi da kanki, ba abin da zan ƙara.” Na ce dama ba sai ya faɗa ba, kuma kada ƙafarsa ta sake taka min gida.

Alkawari da wa? Ka ji min mutum! In asiri ya tonu sai a fake da alkawari.

Labari ya riga ni isa gida. Tun da muka yi aure ban taɓa ganin ran babanki ya ɓaci haka ba. Bai ɗaga murya ba, kin san shi. Cewa kawai ya yi Saje ne ya ɗauko shi a kafaɗa ranar da aka ji masa ciwon, tafiyar wuni guda, kuma ban san abin da na yi ba. Na ce to ya sanar da ni mana. Ya juya min ƙeya.

Shawararki ta yi amfani. Na koma wajen jami'ar walwala, ta ce gaskiyarki, a zaman ƙarshe doka ta yarda mai jinyar mutum ya shiga a matsayin shaida. Ta cike min takarda ta buga hatimi. Tana ƙarƙashin akwatin zare, babanki bai sani ba, kada ki kuskura ki ambata a waya.

Wani abu kuma ya tsaya min a rai. Jiya ina shara na jawo kwali daga ƙarƙashin gado, sai ga takalminsa na soja, dogon nan mai igiya, an goge shi yana ƙyalli har ina ganin fuskata. Mutumin da shekara guda ke nan ƙafarsa ba ta shiga komai sai silifa da na yanke wa baki. Na tabbata wannan ma hurewar kunnen Saje ce. Har zan ɗauke shi in ɓoye, sai na ga gara in bar shi a inda yake in zuba ido.

Ƙafar ta fara wari, Auta. Ina wanke ta da ruwan gishiri yadda kika koya min, yana kallon rufi kamar ƙafar maƙwabci ake wankewa. Saura kwana tara.

Ki kula da kanki.

Innarki


'Yata,

Sallama da gaisuwa. Zauna kafin ki karanta, doguwa ce, kuma innarki ta sha kunya.

Ranar zaman na gama haɗa abin kari na shiga ɗaki, na tarar da shi zaune a bakin gado. Ya naɗe ƙafar da bandeji tam kamar ana ɗaure kaya, yana cusa ta cikin takalmin nan. Gumi na zuba daga haɓarsa. Na ce me zan gani haka? Ya ce ba a zuwa gaban hafsa da silifa. Ya ja igiyar da ƙarfinsa duka, ya sa wankakkiyar rigarsa da lambobin yabonsa biyu, ya zaro ƙwayoyi daga aljihu ya haɗiye ba ruwa. Ba Saje a gidan, Auta. Kwana goma sha biyu rabonsa da gidan.

Duk da haka zuciyata ba ta sallama ba. A mota ina cewa a raina ai Sajen ne ya koya masa.

Mun sauka a bakin ofishin yana dogara sanda, yana jan ƙafa, sai da muka tsaya sau biyu kafin ƙofa. Muna isa daidai inda sojan gadi yake, ya ja numfashi, ya miƙe ƙirji, ya miƙo min sandar ba tare da ya dube ni ba, ya ce, “Riƙe min.”

Na karɓa. Wallahi ban san lokacin da na karɓa ba. Na tsaya a daidai wurin da mai ido ɗaya ya ce ya ga Saje, riƙe da baƙar sanda mai roba a gindi, ina kallon mijina yana ratsa zauren nan kamar mai fareti, yana hawa matakala ba ya ko taɓa ƙarfen dafawa. Mako shida ina farautar mai riƙe sanda, ga ni na zama ita.

Da hankalina ya dawo na zaro takardata na bi shi. Ɗaki ne mai dogon tebur, likitoci uku cikin kaki, na tsakiya Kanar ne da bai wuce sa'ar yayanki ba. Babanki ya buga ƙafa, ƙafar nan fa, ya ƙame ya sara masa. Aka ce ya zauna, ya ce ya gode, tsayuwa ta fi masa. Kanar ya ce ya jikin? Ya ce, “Lafiya lau, Yallaɓai.” Ya ce ƙafar fa? Ya ce, “Ba matsala, Yallaɓai.” Na ga na gefen hagu ya riga ya cire murfin biro.

Na ajiye takardata a teburin, na ɗora sandar a kai. Babanki ya watso min wani kallo, da a gida ne da na nemi wurin ɓuya. Na ce, “Yallaɓai, ko shekara za ka yi kana tambayarsa lafiya lau zai ce. Ba a koya masa wata amsa ba. Kada ka tambaye shi, umarni za ka ba shi ya cire takalmin nan.”

Kanar ya dube ni, ya dubi sandar, ya dubi babanki da gumin da ya jiƙa masa wuyan riga. Sai ya miƙe tsaye, ya sauya murya, ya ce, “Kofur, zauna. Cire takalmin hagu. Umarni ne.”

Ya zauna. Ya kwance igiya ya ja, takalmi ya ƙi fita, ƙafar ta kumbura ta cika shi. Sai da aka kira ma'aikaciyar jinya da almakashi ta tsarga shi daga sama har ƙasa. Ba zan kwatanta miki abin da ya fito ba, kin fi ni sanin irinsa. Warin ya cika ɗakin, mai biron nan ya mayar da murfinsa ya tashi ya zo ya durƙusa yana dubawa. Kanar ya ce, don Allah Baba, me ya sa? Babanki yana kallon bango ya ce soja ba ya kai wa hafsa kukan jikinsa, kuma su goma sha ɗaya suka fita ranar da aka ji masa ciwon, su huɗu suka dawo, sauran bai ji sun zo neman kati ba.

Na yi kuka, Auta, a gaban maza, ban damu ba. Ashe takardun da ni da ke muka yi ta cikewa muna tura shi, zuwa yake don kada ya saɓa mana, yana shiga kuma ya koma Kofur.

Sun sa hannu su uku a take. Motar asibiti ce ta ɗauke shi daga nan, za a yi aikin ranar Alhamis. Likitan ƙashi ya ce yana sa ran ƙafar za ta tsira, amma da an ƙara wata guda da ba ya faɗin haka.

Da ake fito da shi a keken marasa lafiya na hango Saje a tsallaken titi, a gindin bishiya, tun safe ashe yana nan. Na tsallaka, na durƙusa a gaban jama'a yadda na zage shi a gaban jama'a. Ya ce in tashi don Allah. Ya ce duka zaman biyu yana roƙon babanki ya shiga da sandarsa, har faɗa sun yi a bakin ƙofar nan, amma ya rantsar da shi kada ya gaya min. Maganin ma shi yake aikensa, in ya ƙi ya ce zai hau benen haka nan. Na ce ya yafe min. Ya ce ya yafe, amma maganar imani da yatsu ta yi masa zafi, sai na haɗa da shayi kofi huɗu.

Babanki kuwa ba ya yi min magana. Ina kai abinci ya ci, ina gyara masa filo ya ɗaga kai, amma ko kallo ban ishe shi ba. Abu ɗaya ya tambaya, shi ma Saje ya tambaya, wai ina takalminsa. Yana cikin jakata a tsarge. Ban san ko na ceci ƙafarsa na karya masa wani abin ba, wannan ne ke damuna yanzu.

Ɗazu ya ga ina rubutu, ya ce wa Saje ya ce min in bar masa ambulan a buɗe, zai sa wa uwarsa 'yar takarda. Kin san ke yake nufi. Ban karanta ba, kuma ba zan karanta ba, na gaji da bincike.

Ki zo in an ba ki hutu. Ki gaida kowa.

Innarki


Uwata,

Gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da iyalinki. Ina gado na shida, ɗakin maza, kusa da taga. Abinci ba laifi. Ki tuna wa Saje ya zuba wa tantabaru ruwa.

Uwata, ƙafar tana ciwo. Shekara goma sha tara tana ciwo, ba ranar da ta bari. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ke ce ta farko, kuma na ga a takarda ya fi sauƙi.

Innarki ta yi min abin da ba a yi wa soja a gaban hafsa. Ba zan iya ce mata komai ba tukuna, in na buɗe baki ban san abin da zai fito ba. Ke ki gaya mata ta zubar da takalmin. Sandar kuma ta ci gaba da riƙe min, in an sallame ni da ita zan fita, ta ƙofar gaba.

Naki,
Babanki, Kofur